Saƙa Huɗu a Kwando Ɗaya

Idan kaka ta wuce, gero da wake suka shiga rumbu, iska ta juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mai sayar da zaren ulu a kasuwar Daura ba ya bukatar kalanda ta gaya masa watan da ake ciki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, kuma a wannan yanki na bakin iyakar Nijar ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba. Mutumin Jos zai yi dariya. Amma ga wanda jikinsa ya saba da digiri 40 na watan Afrilu, sanyi ne mai sa a yi shawara kafin a taɓa ruwan randa. A lokacin ne ake neman rigar sanyi da hula mai rufe kunne da safar jariri, a lokacin ne kuma kwandon masu saƙa ke cika ya batse.

Abin da ke cikin kwandon shi ne abin kallo, domin da wuya a tarar da aiki ɗaya. Ga shawul ɗin jariri an kai rabi, kwarashi na soke a jikinsa. Ga bayan rigar sanyi ta ɗan shekara biyar rataye a kan tsinken saƙa, an toshe bakin tsinken da guntun soson silifa don kada idanun saƙar su zube. Ga safa ƙafa ɗaya, 'yar'uwarta ko farawa ba a yi ba. A can ƙasa kuma, naɗe cikin tsohon ɗankwali saboda ƙura, ga hular maigida da aka fara ɗinkawa tun kafin Babbar Sallah. Kowane aiki da dunƙulen zarensa a ledarsa daban, don in suka haɗu suka sarƙe, warwarewa kaɗai sai ta cinye hantsi guda.

Mazan gida da surukai suna da sunan da suke ba wannan hali: ruwan ido. "Ki gama ɗaya mana kafin ki ɗauko wani," haka ake yawan faɗa, a kuma ɗora da cewa taura biyu ba ta taunuwa. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya tsaya ya lura da yadda yinin mace ke tafiya a cikin gida, a Daura ne ko Sandamu ko Baure, zai ga cewa lissafin mai kwandon ya fi na masu sukarta.

Lokacin matar gida ba a dunƙule yake zuwa ba, a gutsuttsure yake zuwa, kuma kowane gutsure da irin aikin da ya dace da shi. Da hantsi, bayan an sallami 'yan makaranta an yi shara da wanke-wanke, gida ya yi tsit, rana ta haske tsakar gida. Wannan ne lokacin aiki mai ƙirga: ɗinkin hula mai bin zane, ko adon gaban riga inda kuskuren ido ɗaya ke karkatar da fure gaba ɗaya. Da yamma kuwa, ana jiran tukunya ta tafasa, maƙwabciya ta shigo da labari, yara na kai da kawowa, ba mai iya ƙirga komai. Sai a ɗauko shawul, wanda layinsa ɗaya ne ake ta maimaitawa, hannu na tafiya baki na hira. Da dare, in babu wuta, fitilar sola ko ta waya ba ta nuna idon baƙin zare ko shuɗi mai duhu, don haka sai a koma kan fari ko ruwan ƙwai. Ita kuma safar nan mai ƙafa ɗaya ta tafiya ce. Tana shiga jakar hannu, ana ciro ta a layin awo a asibiti, ko a gidan biki kafin a kawo abinci. Uwargida ba ta jiran miya ta nuna kafin ta ɗora ruwan tuwo, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan ruwan ido.

Akwai kuma dalilin da ke cikin ƙirar aikin kanta, wanda ko wasu masu saye ba su sani ba. Abin da ake kira saƙa a taƙaice iri biyu ne. Akwai ta tsinke biyu, inda idanun layi gaba ɗaya, sittin ne ko tamanin, suke rataye a kan tsinke a lokaci guda. In yaro ya zare tsinken, duk sai su zube, kowane ido ya kama hanyar warwarewa zuwa ƙasa. Irin wannan ba a son ajiye shi a tsakiyar layi, sai an kai ƙarshe. Akwai kuma ta kwarashi, ƙarfe ɗaya mai lanƙwasasshen baki, inda ido ɗaya tak ne a buɗe a kowane lokaci. A ja shi ya yi tsawo, ko a soka masa fil, an gama. Ko goyo ya farka, ko an yi sallama a zaure, aikin ba ya ɓaci. Saƙar tsinke ta fi laushi da miƙewa, ta fi dacewa da rigar da za a zura ta ka. Ta kwarashi ta fi kauri, ta fi sauri, ta kuma fi cin zare. Mai hankali takan ajiye ɗaya daga kowanne, ta ba kowanne lokacinsa. Hannu ma yana samun hutu, domin riƙon kwarashi daban, riƙon tsinke daban, riƙon allurar hula daban, kuma masu saƙa sun san tsamin wuyan hannu da na kafaɗa da ke biyo bayan yini guda ana motsi iri ɗaya.

Wannan ɗabi'a ta aiki a tsakanin ayyuka ta girmi ulu da kwarashi a ƙasar Hausa. Kakannin matan yau kaɗi suke yi. A gurje auduga a cire gurya, a shiɓe ta, a zauna da mazari da alli ana murzawa, a fitar da abawa mai kauri ko zare siriri, a sayar wa masaƙa maza masu saƙa sawaye, ko mace ta kafa nata masaƙin a jikin bango ta saƙa gwado. Zaren irin waɗannan mata ne ya ciyar da kasuwar tufafin Kano da Bajamushen nan Heinrich Barth ya yi mamakinta da ya iso a 1851. Mazari abu ne da ake ɗauka a ajiye sau goma a yini, a gefensa kuma ga faifan kaba da ake saƙawa. Da masaƙun zamani suka kafu, irin na Kaduna da ya fara aiki a 1957, kaɗi ya ja baya, amma hannun da ya saba bai yarda ya zauna haka nan ba. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 yadda matan da ke cikin kulle suke gudanar da ciniki mai yawa daga gida zuwa gida, yara na kai da kawo musu. Kayan saƙa a wannan tsohuwar hanya suka samu gurbi, sai dai yanzu WhatsApp ya karɓi rabin aikin 'yar talla da dillaliya.

Ita saƙar tsinke ta makaranta ta shigo mana. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na hukumar En'e a Katsina da Kano, aikin allura na cikin manyan darussansu, daga baya darasin kula da gida ya bazu a makarantun 'yan mata. Shirin Better Life na Maryam Babangida, da aka fara a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ya yawaita cibiyoyin mata inda ake koyar da ɗinki da saƙa, har da ta inji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan sana'a da ake ɗauka ta Turawa ce, mafi tsufan samfurinta da aka samu a Masar aka tono su: safuna na auduga, fari da shuɗi, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, wasu da ado mai siffar rubutun Larabci. Daga ƙasashen Musulmi ta haura Andalus ta bazu a Turai, sannan bayan ɗaruruwan shekaru ta zagayo mana a hannun malaman makaranta.

Babban abin da ke tara aiki a kwando, duk da haka, shi ne wa'adi. Haihuwa ba ta yin sallama, suna kuma kwana bakwai ne, ba a ɗaga shi don shawul bai kammala ba. Ga kunya irin ta Hausawa, wadda ke hana mai ciki, musamman na fari, fitowa fili ta yi odar kayan jariri tun da wuri. Sau da yawa sai an haihu sannan goggo ko ƙawa za ta aiko yarinya da saƙo: a taimaka da saiti, riga da hula da safa, kafin ranar suna. Mai saƙar da ta san aikinta ba ta jiran wannan saƙo. Tana da saiti ɗaya ko biyu da ta kai kusan ƙarshe cikin launin da ba ya zaɓar jinsi, fari ko ruwan ƙwai ko kore mai haske, ta bar bakin hannu da wuya. In labari ya zo, namiji ne ko mace, sai ta ƙarasa da zaren da ya dace a dare ɗaya. Wanda ya ga waɗannan riguna marasa wuya a kwando zai ce lalaci ne, alhali kuwa tanadi ne. Ba kuma ado kawai ba ne: jariri sabon haihuwa, balle bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kansa kuma babba ne in an gwada da sauran jiki, shi ya sa ma'aikatan jinya ke nanata a sa masa hula.

Aikin biki kuwa doguwar tafiya ce. Shimfiɗar gado, rigunan filo, 'yan ƙyallayen ɗora wa kujera da tebur don ranar jere, waɗannan watanni suke ci, kuma ba wadda za ta rufe ƙofa ga ƙananan ayyuka masu kawo kuɗin cefane don tana saƙa wa amarya abin da sai bayan Sallah za a karɓa. Babban aiki na tafiya a hankali, ƙanana na shiga suna fita.

Wani matsi na tafe ma. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana 10 zuwa 11, don haka Sallah na matsowa baya kowace shekara. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris aka yi ta, cikin zafi, lokacin da ba mai tambayar rigar sanyi. Zuwa 2030 za ta faɗo a farkon Fabrairu, bayan nan ta shiga tsakiyar hunturu, kamar yadda aka yi a shekarar 2000, wadda aka yi Ƙaramar Sallah sau biyu a cikinta, a Janairu da Disamba. A irin waɗannan shekaru hular Sallah ta maigida da rigar sanyin da yara za su sa su je kallon hawan Sarki duk a mako ɗaya ake nemansu.

Kuɗi ma na da hannu. Abin da ake kira ulu a kasuwanninmu galibinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, shi ya sa yake narkewa in ya kusanci garwashi ko dutsen guga mai zafi, abin da ya kamata duk uwar da ɗanta ke jin ɗumi a bakin murhu ta riƙe. Farashinsa dala yake bi. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga cire tallafin mai da ya ninka kuɗin motar da ke ɗauko kaya daga Kano. Rufe iyaka, na 2019 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, ya taɓa duk wani ciniki da ke bi ta Kongwalam da kasuwar Mai'aduwa zuwa Matamaye da Damagaram. Mace mai ƙaramin jari ba ta iya sayen zaren shimfiɗar gado a tashi ɗaya. Takan sayi abin da ya samu, ta saƙa har ya ƙare, ta ajiye, ta juya kan hular jariri da ragowar zare, ta sayar, ko ta jira kwasar adashi, sannan ta koma. Wani aikin da ake gani a kwance ba gajiya aka yi da shi ba, zare yake jira.

Ga gwanjo kuma a gefe. Dilar rigunan sanyi da ake kwancewa a Ƙofar Wambai ta Kano tana isa kowace kasuwar ƙauye, a farashin da ko kuɗin zare bai kai ba. Injin saƙa tun 1589 wani Bature, William Lee, ya ƙirƙiro shi a Ingila, kuma masana'antu sun daɗe da ƙwace kasuwar riga. Amma har yau ba a ƙera injin da ke yin ainihin saƙar kwarashi ba. Shi ya sa 'yan matan yanzu, ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura da ma'aikatan ofis da ke koyo a YouTube da TikTok, suka fi karkata can: jakar hannu, takalmin jariri, hular kwalliya, abubuwan da dila ba ta kawowa daidai da son mai saye. Da yawansu don sha'awa suka fara, sai wata ta gani ta ce a yi mata, a wayi gari sha'awa ta zama sana'a. A wajenmu tsakanin biyun ba nisa.

A Turai da Amurka, inda mafi yawan masu saƙa don nishaɗi suke yi, wannan tarin ayyuka sanannen abu ne, har suna tsokanar juna da ciwon kasa saƙa safa ta biyu. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2013, wanda masu saƙa 3,545 suka amsa tambayoyinsa, ya samu cewa waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi cewa suna jin natsuwa da farin ciki. Ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Ingila Tom Daley ma an gan shi yana saƙa a cikin 'yan kallo a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Sai dai su masu saƙar can abin da ke damunsu shi ne gundura. Matar Zango ko Mai'aduwa tana da wannan, tana kuma da mai kaya da ke aiko yaro kullum.

A nan ne masu cewa ruwan ido suke da tasu gaskiyar, domin kwando na da iyaka. Aikin da ya daɗe a ajiye yana da illoli da ba a gyarawa. Hannun mutum na canzawa: wadda ta saƙa hannun riga na dama tana sabuwar koyo, ta dawo kan na hagu bayan wata huɗu hannunta ya saki, za ta tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da ƙirgen idanun daidai ne. Rini ma haka. Zaren kamfani ɗaya, launi ɗaya, in ba a tukunya ɗaya aka rina su ba, sukan bambanta kaɗan. A cikin shago ba a gani, sai an shanya a rana layin ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar shawul. Ƙurar hunturu na mayar da fari ruwan ƙasa. Ana manta lambar kwarashin da aka fara da shi. Yaro kuma ba ya jira: rigar da aka auna wa ɗan wata uku, in ta kwana wata biyu a kwando, sai dai a ajiye wa ƙaninsa.

Mafi muni shi ne abin da ya shafi amana. Aikin kanka ka ajiye shi shekara, ba ruwan kowa. Amma wadda ta karɓi kafin alƙalami daga mutum biyar, ta sayi zaren na biyar da kuɗin na farko, ta shiga "gobe in Allah ya kai mu" da "saura kaɗan", ta kama hanyar da ta ɓata sunan teloli da yawa a daren Sallah. A gari irin Daura, inda mai kaya ƙanwar kishiyar yayarki ce ko abokiyar karatunki a Islamiyya, labarin saɓa alkawari ɗaya kan riga mai shi isa gidan biki.

Gwanayen da suka daɗe a harkar suna da dabarunsu, ba kuma masu wuya ba ne. Sukan ɗaura wa kowane aiki guntuwar takarda da aka rubuta awo da lambar kwarashi da layin da aka tsaya, ko su ɗauki hotonsa a waya. Sukan ajiye takardar da ke naɗe da dunƙulen zare don a kai wa mai shago in za a ƙaro. Abin da ke zuwa bibbiyu, safa ko hannun riga, tare suke tafiyar da su, kaɗan nan kaɗan can, don su fito daidai. Aikin da ya shekara ba a taɓa ba kuwa ba sa jin nauyin warware shi. A naɗe zaren, a jiƙa shi ya miƙe, ya zama hular wani. Abin da ya fi duka, suna bambanta aikin marmari da aikin mutane. Na marmari ko biyar ne ba laifi. Na mutane mai wa'adi, in ya wuce biyu a hannu ɗaya, wani zai sha haƙuri.

Saura masu saye, domin rabin cunkoson su ke haddasa shi. Shawul na kwarashi kwanaki yake ci, shimfiɗar gado watanni, ba kuma a fafe gora ranar tafiya. Mai son ɗansa ya shiga Disamba da rigar sanyi ta hannu, ya kai awo tun ana yankan gero, ya biya kuɗin zaren gaba ɗaya a saye shi rini ɗaya, ya kuma faɗi ainihin ranar da yake bukata.